Lacca: Kwamfuta a Bakin Gadon Majinyaci

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ma'aikatan jinya, yau a kan ba da magani za mu tsaya.

Tun 1971 asibitin El Camino da ke Kalifoniya a Amurka ya fara aiki da tsarin da kamfanin Lockheed ya soma ƙerawa: likita ya shigar da umarni a kwamfuta, nas ta karanta, an huta da mummunan rubutu. Sai dai wannan a kan tebur ya tsaya, alhali a bakin gado ake ba mutum maganin wani.

Nas ce ta kai kwamfuta bakin gadon. Sue Kinnick, ma'aikaciyar asibitin tsofaffin sojoji a birnin Topeka na Amurka, ta ga kamfanin hayar mota yana karanta lambar layi-layi (barcode) a jikin mota da na'ura, ta ce a gwada da magani. Wajen 1999 zuwa 2000 aka baza tsarin a asibitocin tsofaffin sojojin ƙasar, a 2004 kuma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta wannan lamba a kan yawancin magungunan asibiti.

Ga yadda yake tafiya. Likita ya rubuta, mai harhaɗa magani ya tantance. Ke kuma ki shiga da sunanki, ki haska lambar layi-layi ta munduwar da ke hannun majinyaci da na'urar karantawa, sannan ki haska maganin. Kwamfuta ta duba abu biyar: mutumin, maganin, adadin, hanyar bayarwa, da lokaci. In sun dace ta rubuta sa'a da sunan mai bayarwa. In ɗaya ya saɓa, gargaɗi ya fito.

To, ina gizo yake saƙar? A 2008 Ross Koppel da abokan bincikensa sun ƙirga hanyoyi 15 da ma'aikata ke bi su kewaye tsarin, da dalilai 31. Munduwa ta jiƙe ko ta goge, lambar magani ta yamutse, batir ya mutu, netwok bai kai ɗakin ƙurya ba. Sai nas ta manna kwafin lambar majinyaci a jikin keken magani, ta haska daga can. Kun ga kwamfuta ta ce daidai, amma ba ta ga hannun kowa ba. Wata ta ba da maganin tukuna, ta haska daga baya. Gargaɗin ya zo bayan an haɗiye. In kuma gargaɗi ya yi yawa, hannu ya saba danne shi ba a karanta ba.

Ni ban kira wannan lalaci ba. Mai marasa lafiya da yawa a dutin dare ba za ta jira na'ura ba. Don haka kafin a sayi tsari, a auna netwok a kowane gado, a ajiye injin buga munduwa cikin ɗakin, a tanadi batir na canji. A kuma riƙa buga jadawalin magani a takarda kowane duti saboda ɗaukewar wuta, a faɗi sarai wanda zai shigar da shi kwamfuta idan wuta ta dawo.