Itacen Magani a Cikin Kwalba: Lacca a Aliero

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan faɗa kan yadda ake tsirar da itacen magani a cikin kwalba.

Na farko, ƙwallo ba ya cika alkawari. Ka sha magarya mai zaƙi a kasuwar Jega, ka shuka ƙwallonta, ta fito maka da bauri. Na dabino ya fi ciwo, domin akwai namiji akwai mace, ƙwallon kuwa ba zai gaya maka ba. Kawuna ya yi shekara shida yana ban ruwa, ashe namiji yake raino. Har gobe in aka ambaci dabino sai ya yi tsaki.

To mu a ɗakin gwaje-gwaje toho muke yanka daga uwar da muka yarda da ita, ɗan mitsitsi, mu ɗora shi kan abinci mai daskarewa cikin kwalba. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Haberlandt, shi ya fara tunanin tun 1902, abincin da aka fi amfani da shi kuma wasu masana biyu, Murashige da Skoog, suka haɗa shi a 1962: gishirin ma'adinai, sukari, bitamin. Ka ƙara wani sinadari ya yi rassa, ka ƙara wani ya yi saiwa.

Amma tsafta, jama'a, tsafta! Sukarin nan ba tsiro kaɗai ke son sa ba. Kwalba da abinci sai an dafa su a tukunyar tururi, digiri 121, kamar minti 15. Wuƙa a gasa ta. Ka yi surutu a bakin kwalba, bayan kwana uku ka dawo ka tarar da fumfuna ta yi fari fat kamar auduga, aikin wata guda ya tafi. Ku 'yan bencin can masu hira, ba zan ɗauke ku aiki ba. Tsafta dai.

Na nawa muke? Na huɗu... to, fitarwa. Ɗan kwalba bai san iskar Kebbi ba, sai an saba masa a inuwa kafin dashe.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko aduwar kwalba za ta yi magani kamar ta daji. Hajiya, gadon ɗaya ne da na uwar. Sai dai ƙasa da rana da ƙishirwa suna da hannu a ƙarfin magani, don haka in ta yi 'ya'ya sai an auna. In kin san wata aduwa da masu magani ke yabo a garinku, ki tsaya bayan an tashi ki kwatanta mini wurin.