Ka Yi Feshi, Ƙwaro Ya Ƙaru: Abin Da Ke Faruwa A Bayan Ganye

Ƙorafin da masu lambu ke ta yi ke nan: na fesa magani, tsutsa ta mutu, amma ba a jima ba ganye ya dishe, ya koma ruwan ƙasa. Nan take sai a ce jabun magani ne. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, kuma shi ya jawo ta'asar.

Ku dubi bayan ganyen tuffa da ya dishe haka. Ɗige-ɗigen da ke motsi a hankali ƙananan gizo-gizo ne masu tsotse ruwan ganye. Ƙafarsu takwas, dangin kaska ne, ba na fara ko tsutsa ba. Shi ya sa magungunan ƙwari da dama ba sa yi musu wani abin kirki.

To, a nan ake yin kuskure, don haka bari mu tsaya. Kun ga wani ɗan fari-fari a cikinsu, mai gudu kamar an biyo shi bashi? Shi ba ruwansa da ganye. Waɗannan masu tsotsar yake ci, har da ƙwansu. Ma'aikaci ne na kyauta, ba dare ba rana. Maganin irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, waɗanda ke cike da shagunan kayan noma a Kano da Zariya, shi suke fara kashewa.

Wani zai ce ai duka biyun sun sha magani, sai su farfaɗo tare. Ina! Tun farko mafaraucin bai kai su yawa ba. Masu tsotsar kuwa suna laɓe a bayan ganye, wasu cikin saƙar da suka yi, ƙwansu da yawa sun tsira. Idan ana zafi, nau'insu mai ɗigo biyu a baya takan tashi daga ƙwai ta fara nata ƙwan cikin kamar mako guda, mace ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai kusan ɗari. Abin mamaki, ko ba namiji tana yin ƙwai, su ƙyanƙyashe maza. Kafin mafarauci ya dawo, gari ya riga ya cika.

Ba sabon labari ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da maganin ƙwari na DDT ya shiga gonakin tuffa, waɗannan halittu da da ba a cika damuwa da su ba suka zama babbar annoba. A jihar Washington ta Amurka, wani masani Stanley Hoyt da ke aiki a Wenatchee ya gano cewa mafaraucin yankin ya saba da maganin azinphos-methyl da ake fesa wa tsutsar tuffa. Sai ya ce a rage yawan maganin, a guji waɗanda ke kashe mafaraucin, a kuma bar wani ƙaramin nau'in gizo-gizon marar illa sosai a kan ganye domin mafaraucin ya samu abin kalaci. Ya wallafa tsarin a 1969. Ni a wurina wannan shawara ta ƙarshe ita ce mafi wuyar haɗiya: ka ce wa manomi ya bar ƙwaro a gonarsa da gangan!

Sauran a taƙaice: maganin ƙwari na imidacloprid, bincike ya nuna yana iya sa masu tsotsar su ƙara yawan ƙwai. Mancozeb, maganin cututtukan ganye, idan aka yawaita shi, yana taɓa mafarauci. Ƙura ma tana taimaka wa masu tsotsar, shi ya sa bishiyoyin bakin hanya ke fara kamuwa.

Kafin ka goya famfon feshi, juya ganye ka sa gilashin ƙara girma. In ka ga masu gudu a cikin masu rarrafe, dakata, ka sake dubawa bayan 'yan kwanaki. In babu su kuma ganye na ƙonewa, nemi maganin da aka yi musamman don gizo-gizon, ka fesa bayan ganye.