Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Aka Yi Zamanin Ƙarfe?

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙu sun taru, lokaci ƙanƙane, ga Dakta masanin tonon kayan tarihi tare da ni.

Wani daga Damaturu yana tambayar shekarun tsohon kwalekwalen da aka tono a ƙauyen Dufuna. Haba ɗan'uwa, abu yana jiharku amma mu kake tambaya? Kimanin shekara 8,000 ne, a 1987 aka gano shi.

Daga Maraɗi an ce mene ne BP da ake gani a rahoton gwajin kabon, wato gwajin da ake gane shekarun tsohon abu da shi. Ma'anarsa "kafin yanzu", amma daga shekarar 1950 ake ƙirgawa baya, ba daga bana ba.

To, ga wadda ta fi yawan masu aikowa. Wata ɗaliba daga Zariya ta ce ta nemi "Zamanin Ƙarfe" a rumbun bayanan kwamfuta, sai kayan Nok, wato wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya, da na Ingila suka fito a cakuɗe, shekarunsu ba su dace ba. Me ya hana masana su tsayar da magana ɗaya? Dakta, bismilla.

Dakta: Ai sai mun koma ƙasar Danmak. Wani mai kula da gidan tarihi, Christian Thomsen, shi ya jera kayansa kashi uku, na dutse, na tagulla, na ƙarfe, aka buga tsarin a 1836. Mutum ne mai lura ƙwarai, yakan duba abin da aka tono tare da wani abu a kabari ɗaya, har ma...

Mai gabatarwa: Dakta, yarinya na jiran amsa.

Dakta: Ina zuwa. Don Turai aka yi tsarin. A Ingila Zamanin Ƙarfe ya fara wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙare a shekara ta 43 bayan haihuwarsa da Romawa suka shigo. A Taruga kuwa, kusa da Abuja, mutanen Nok suna narka tama wajen shekara 500 kafin haihuwarsa, kuma a yawancin ƙasashen kudu da Sahara daga dutse aka tsallaka zuwa ƙarfe, ba a bi ta tagulla ba. Maƙeranmu ba su daina narka tama ba har zuwan Turawa. To a ina za ki rufe zamanin?

Mai gabatarwa: Wato kamar mudu ne, sunan ɗaya, amma kowace kasuwa da girman nata.

Dakta: Haka ne. Shi ya sa akwai wani rumbu mai suna PeriodO da ba ya tilasta wa kowa ma'ana ɗaya. Yana rubuta sunan zamani, da yankin da ake nufi, da shekarar farawa da ta ƙarewa, da wanda ya faɗa. Sai kwamfuta ta gane Zamanin Ƙarfen wane ake nema.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu rubutawa: suna, wuri, shekaru, da wanda ya faɗa. Ni dai wannan ya kwanta mini, domin mu ma muna da namu. Idan an ce "kafin jihadi", Basakkwace 1804 yake nufi, mutumin Borno kuwa da nasa lissafin. "Zamanin Turawa" a Kano 1903 ne, alhali Faransawa sun riga sun shiga Damagaram tun 1899. Ban ga dalilin zubar da waɗannan sunaye don a yi kama da Turai ba. A shigar da su, a liƙa musu shekaru da gari. Ku kuma ma'aikatan gidajen tarihi da ke rubuta "tsohon abu ne" a katin kaya ku wuce, don Allah ku daina. Wanda zai zo bayanku ba ya da inda zai kama.

Ta ƙarshe daga Kafanchan: yaushe aka fara gano gumakan Nok? A 1928, wurin haƙar kuza. Dakta, kada ka buɗe baki, lokaci ya cika. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.