Shuɗin da rana ta buga mini a kan takarda

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Ku dubi wannan takarda da ke hannuna, ku ga yadda jijiyoyin ganyen nan suka fito fari fat a tsakiyar shuɗi, har da ɗan ramin da tsutsa ta ci a gefensa. Da safiyar yau na ɗauraye ta, kuma har yanzu farin cikin bai sake ni ba, domin makonni uku ke nan ina fama da wannan aiki a nan Ingila ban sami hoto ko ɗaya da zan iya nuna muku ba. Babu kyamara a cikin aikin nan, babu na'urar buga takarda. Sinadarai biyu ne, da ruwa, da hasken rana.

Sunan wannan fasaha sayanotaif, kuma a ƙasar nan aka ƙirƙiro ta. Masanin taurari Sir John Herschel ne ya gano ta a shekarar 1842. Ana narkar da giram 25 na sinadarin ferik amoniyam sitiret a mililita 100 na ruwa, a narkar da giram 10 na fotasiyam ferisayanayid a wata kwalbar daban, sannan a haɗa su daidai wa daida a lokacin da za a yi aiki. Ruwan yakan fito kore-kore mai ratsin rawaya. Da burushi mai laushi nake shafa shi a takarda cikin ɗaki mai ƙarancin haske, in bar ta ta bushe sarai, in ɗora ganye a kai, in danne da gilashi, in fitar da ita waje. Duk inda hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, ya taɓa, ƙarfen da ke cikin sinadarin yakan sauya hali ya zama launin da ba ya narkewa a ruwa. Inda ganye ya tare hasken kuwa, ruwa yana wanke wurin tas ya koma fari.

Lokacin wankewar nan ne yake ɗauke mini hankali. Takardar takan shigo daga rana da wani launi mai toka-toka, kamar ta lalace, amma tana shiga ruwa sai rawayan ya fara sulalewa, shuɗin ya riƙa tasowa a hankali yana kama jiki kamar rinin baba. Ko bayan ta bushe launin yana ci gaba da zurfi har kwana guda, domin iska ce take ƙarasa aikin.

Abin da ya wahalar da ni tun farko rana ce. A watan Disamba yinin Landan bai cika sa'a takwas ba, ranar kuma ba ta hawa sama, tana can gefe tana leƙowa ta bayan gajimare. Aikin da zai ƙare cikin mintuna kaɗan a ranar bazara, sai na bar shi fiye da sa'a guda a waje, yatsuna sun ƙandare saboda sanyi, in wanke in tarar hoton ya bi ruwa. A irin wannan lokacin ne kewar gida take kama ni, in tuna ranar da muka taso muna gudu muna neman inuwa, ga ni yau ina roƙon ta fito. Masu wannan sana'a a nan da yawa sun koma amfani da akwatin fitilun ultrabayolet, amma ni na ƙi, domin ina son ranar ce da kanta ta yi aikin.

Matsala ta biyu takarda ce, kuma a nan nake so ku saurare ni da kyau. Na sayi takardar zane mai tsada, ina ganin tsadarta za ta cece ni, ashe an zuba mata alli don ta daɗe ba ta lalace ba, shi kuwa wannan shuɗin ba ya shiri da alli ko kaɗan. Hotunan suka riƙa fitowa a kode, wasu da tabo-tabo. Sai da na koma takardar auduga zalla wadda ba a sa wa alli ba sannan na ga abin da kuke gani. Haka nan kada ku bari sabulu ya kusanci hoton, domin yana cinye launin. Idan kuma kuka rataye shi a haske ya dusashe, ku ajiye shi a duhu, mafi yawan shuɗin zai dawo.

Wadda ta ƙara mini ƙarfin gwiwa a kwanakin wahalar nan ita ce Anna Atkins, masaniyar tsirrai, wadda mahaifinta abokin Herschel ne. A watan Oktoba na 1843 ta fara fitar da littafinta na ciyayin tekun Birtaniya, wanda ake ɗauka shi ne littafi na farko da aka ƙawata da hotuna irin na haske. Shekara goma ta yi a kansa, ta haɗa hotuna wajen 400, kuma kowane shafi na kowane kwafi da hannu aka shafa shi, aka shanya, aka wanke, a ƙarƙashin wannan ranar da nake ƙorafi a kanta. Daga baya injiniyoyi suka karɓe fasahar suna kwafar zanen gine-gine da ita.

Akwai wasu tsofaffin hanyoyin buga hoto da nake hari. Henry Fox Talbot ya yi amfani da gishirin miya da sinadarin azurfa tun a shekarun 1830, kuma a 1850 wani Bafaranshe, Blanquart-Evrard, ya fito da takardar da ake shafa wa farin ƙwai. Wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce ta ƙaro. Ranar da na ga ana dama ƙaron ɗakwara da launi ana buga hoto da shi, ina alfahari na faɗa wa abokan aikina cewa na san itacen da idona, kuma daga yankinmu na Sahel mafi yawansa yake fitowa. Sai dai sinadarin dayikuromet da ake haɗa shi da shi guba ne mai haddasa ciwon daji, don haka kada wanda ya taɓa shi ba safar hannu, ba malami a kusa. Ko sinadaran sayanotaif, da suke da sauƙin haɗari, kada ku kusanta su da asid mai ƙarfi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan gwada hoton mahaifiyata. Tunda babu faɗaɗawa a wannan aiki, dole in buga nagetif, wato hoton da aka juya farinsa ya zama baƙi, baƙinsa ya zama fari, a farar leda mai nuna haske daidai girman hoton da nake so. Na riga na shafa takardu huɗu suna bushewa a cikin aljihun tebur, kuma masu hasashen yanayi sun ce gari zai washe ranar Talata.