Gidan jar ƙasa a Marwa: ku zo mu zagaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Marwa, babban birnin yankin Arewa Mai Nisa a Kamaru, kuma na shigo wani kango da wani ɗan'uwanmu Bahaushe ɗan kasuwa yake ginawa. Ya ce in nuna muku, amma ban da fuskarsa.

Ku fara duba ƙasan nan da nake takawa. Baƙa ce, duk ta tsattsage, har yatsana yana shiga. Irinta ce ake shuka masakwa, wato dawar rani, a kai bayan damina. Tana da albarka ga manomi, amma ga mai gini masifa ce: ruwa ya sauka ta kumbura, rani ya zo ta tsuke, sai ka ga sabon gida ya dare tun daga tushe har taga. Shi ya sa Baba magini ya ce kuɗin farko a ƙasa aka binne su. An haƙa tushe mai zurfi, aka zuba yashi da birji aka daddaɓe, aka jera dutse, sannan aka ɗaure shi da kankare da rodi. Dutse kuwa ba a nemansa a Marwa, ga duwatsu nan sun kewaye gari.

To ga abin da ya kawo ni. Wannan bangon ba bulon siminti ba ne, ba kuma tubalin hannu ba. Jar ƙasa ce aka tankaɗe, aka zuba mata siminti kaɗan, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba, aka yayyafa ruwa, aka matse ta da injin hannu. Bari in ɗaga bulo ɗaya ku gani. Kai, da nauyi! Ku ji ƙararsa da na ƙwanƙwasa. Bayan an buga, sai a lulluɓe shi da leda wajen kwana 28 kafin a ɗora. Na ce, "Baba, in mutum yana sauri fa?" Ya ce to ya shirya ganin bangonsa yana zubar da gari.

Akwai masana'antar siminti a Figil, kan hanyar Garwa, amma duk da haka buhu ba arha yake ba. Ƙasa kuma a nan kusa aka ɗebo ta. Sannan bangon ba ya son fulasta ko fenti, jan nan nasa shi ne adonsa.

Ku biyo ni ciki. Yanzu bazara ce, a watan Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40, amma ɗakin nan da dama-dama. Bangon yana da kauri, rufin yana da tsawo, kuma an bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano don zafi ya samu hanyar fita. Tagogin suna kallon juna, kudu da arewa. Yamma ba taga ko ɗaya, saboda ranar la'asar. Wallahi na sha kwana a ɗakin bulo mai gajeren kwano, wanda ƙarfe goman dare bango yana huci kamar tanda, kowa ya kwaso tabarma ya fito tsakar gida.

Ku ɗaga kai kuma: kwanon ya zarce bango sosai, musamman ta gabas, inda hadari yake tasowa da iska. Ruwa ne babban abokin gaban ginin ƙasa, don haka an ɗaga daɓen ɗakin sama da hanya. Wanda ya ga ambaliyar 2024 a garuruwan Yagwa da Kuseri na yankin nan ba sai an yi masa bayani ba.

Wasu za su ce ai ginin ƙasa na talaka ne. Ni dai ban yarda ba. Ku je Pus a bakin kogin Logon ku ga dogayen ɗakunan ƙabilar Musgum, zallar laka, ba azara ba rodi, da zanen da ke jikinsu wanda shi ne matakala kuma shi ne hanyar ruwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya ƙarar da kuɗinsa a get da tayil, tushe kuma ya yi masa ƙwauro.

Shi maigidan, da ɗaki biyu da zaure ya fara, ya bar rodi a tsaye ta wancan gefen don ƙari in hali ya samu. Darbejiya kuwa tun kafin a haƙa tushe ya dasa ta, can nesa da bango saboda saiwa. Bari mu leƙa baya, yaran magini sun fara buga sabon bulo, ku ga yadda injin yake aiki.