Sharhi: Shagon Fotokwafi Da Haƙƙin Marubuci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A shekarar 2012, manyan kamfanonin buga littattafai uku, wato maɗaba'ar Jami'ar Oxford da ta Cambridge da kuma Taylor & Francis, suka maka wani ɗan shagon fotokwafi a kotu a birnin Delhi na ƙasar Indiya. Shagon, mai suna Rameshwari, yana cikin harabar Jami'ar Delhi. Malamai ne ke zaɓo babi daga wannan littafi, babi daga wancan, shi kuma ya kwafa ya ɗinke, ya sayar wa ɗalibai da araha. Kamfanonin suka ce wannan sata ce.

A watan Satumban 2016 babbar kotun Delhi ta yi watsi da ƙarar, bisa hujjar cewa dokar ƙasar ta yarda a kwafi aiki domin koyarwa. Aka ɗaukaka ƙara, alƙalai suka ce abin dubawa shi ne ko darasin yana buƙatar abin da aka kwafa. A watan Maris na 2017 kamfanonin suka janye.

Na ɗauko wannan shari'a ne saboda duk wanda ya yi karatu a Zariya ko Kano ko Sakkwato ya san irin wannan shago, kuma yawancinmu ba mu taɓa tambayar inda halas ta tsaya ba.

A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin ta 1988. Ta ba marubuci ikon aikinsa muddin yana raye, magadansa kuma su ci gaba da cin moriya shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma ba ta toshe wa mai neman ilimi hanya ba. Ta yarda a ɗebi wani abu daga aikin wani domin nazari, ko binciken da ba na kasuwanci ba, ko sharhi. Idan rigima ta tashi, ana duba dalilin ɗiban, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da kuma ko hakan zai kashe wa mai littafin kasuwa.

Wannan na ƙarshen shi ne inda gizo ke saƙa. Malamar da ta kwafi shafuka kaɗan ta raba wa 'yan aji, ta kuma faɗi sunan marubucin, ba ta hana kowa cin abinci ba. Amma wanda ya ɗauki hoton littafi tun daga bango har bango, ya watsa shi a WhatsApp, ko mai makarantar da ya sayo na jabu cikin kwali ya sayar wa iyaye da farashin na gaske, wallahi wannan ba taimakon ilimi yake yi ba. Ku tuna da marubucinmu na Hausa, wanda sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake buga littafi. In bai mayar da uwar kuɗi ba, na biyu ba zai fito ba, kuma 'ya'yanmu ne za su rasa abin karantawa da harshensu.

Na san littafi ya yi tsada, ɗakunan karatu kuma sun bushe. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota ba shi ya kamata a fara kamawa ba. Nauyin yana kan hukumomin makarantu. Akwai ƙungiyar REPRONIG da ke ba da lasisin kwafi a madadin marubuta da mawallafa, ta karɓi kuɗi ta raba musu. Jami'o'i da kwalejoji su nemi wannan lasisi, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya kuma ta shiga makarantu ta yi wa malamai bayanin dokar da harshen da suke ji.

A huta lafiya.