In Waya Ta Zo Daga Damagaram Cewa Inna Ta Rasu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Burusel nake magana, kuma maganar yau ta 'yan Damagaram ce mazauna waje, ko nan Turai, ko Aljeriya da Libiya, ko Makka, ko Amurka. Ranar da waya za ta yi ƙara, ka ga lamba ta fara da 227, ka ɗauka, yayanka ya ce "sai haƙuri, Inna lokaci ya yi," me za ka yi daga inda kake? Wanda tasa ke raye, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta da rahama.

Kada ka ce a jira ka. Na san bakinka zai so ya faɗa, amma ka danne. Sunna ita ce a gaggauta, kuma a garinmu in ta cika da dare, da hantsi an kai ta, in da safe ne ba ta wuce la'asar. A Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. Ka lissafa hanyar kuma. Air France ta daina zuwa Yamai tun Agustan 2023, sai ka bi ta Kasablanka ko Istanbul. Ka sauka Yamai, saura kusan kilomita 900 ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Tasawa. Motar Rimbo ko STM ta tashi da asuba, sai dare take shiga Damagaram. Ta Kano ya fi kusa, kamar kilomita 240 ta Daura da Matamaye, amma ka bincika halin da iyaka ke ciki kafin ka yanki tikiti. Wanda ke zaune da takardar gudun hijira ya sani komawa ƙasar da ya ce ya gudo daga gare ta na iya sa a janye masa takardar, wanda ba shi da takarda ko kaɗan kuwa in ya fita ba lallai ya dawo ba. Ka ga lauya tukuna.

A awa ta farko aikinka kuɗi ne, kuma hannun mutum ɗaya za su shiga. In ka raba wa mutum huɗu, kowa zai zaci ɗan uwansa ya sayo likkafani. Yuro 100 jika 65 ne, wato sefa dubu 65, da 'yan kai, farashin a tsaye yake. Cikin gida akwai kamfanonin aika kuɗi Nita, Al Izza da Amana. Abin da ya fi hana karɓar kuɗi shi ne suna: kai ka rubuta Mamman, a katinsa Mahamadou ne da rubutun Faransanci, ko ka sa laƙabin gida. Ka ce ya ɗauki hoton katin ya turo maka, ka kwafa harafi da harafi.

Kayan ba su da yawa. Farin yadi, sabulu, ganyen magarya, kafur na wankan ƙarshe, turare, sai kuɗin masu haƙa da itacen da ake jerawa bisa 'yar kabari kafin a sa laka. A mazhabar Malikiyya da muke bi, cikar likkafanin mace guda 7 ne: zane, riga, mayafin kai, da manyan ƙyallaye 4 na naɗewa. In babu hali, ɗaya da ya rufe jiki duka ya wadatar. Mata ke wankan, sau 3 ko 5 ko 7, a raba gashinta kashi uku a kitse. Ka roƙa a sa 'yarta ko ƙanwarta a ciki, saboda sutura.

Wasu kan tara jama'a a nan a yi mata sallar gawa daga nesa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najashi sarkin Habasha, Shafi'iyya da Hambaliyya sun kafa hujja da haka. Malaman Malikiyya sun karhanta, balle wadda aka riga aka sallata a gida. In limamin Maroko ya ƙi, na Somaliya ya yarda, dalilin ke nan, ba abin faɗa ba ne.

Makoki kwana 3 ne, takaba ta wata 4 da kwana 10 ta matar da mijinta ya rasu ce kaɗai. Sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, kun san yadda 'yan Izala da 'yan ɗariƙa ke kallonta, ni ba zan raba wannan gardama a bidiyo ba. Abin da kowa ya yarda da shi: kada a taɓa dukiyar mamaciya a yi girki in akwai marayu cikin magada. Tabarmi, rumfa, ruwa, goro, gumba, ka ɗauke su daga aljihunka.

Bashi shi ne wurin da ɗan waje ya fi amfani, kuma nan aka fi sakaci. Liman kan yi cigiya a wurin jana'iza, amma maza ne ke tsaye a wurin, alhali harkar tsohuwa da mata take. Bayan kwana uku ka sa yayarka da ƙanwar Inna su shiga ɗakinta su biyu. Su buɗe kwallayen da ke jere kan kabad ɗaya bayan ɗaya, su ɗaga katifa, su kwance bakin zannuwa. Za su tarar da ƙulli-ƙulli, wani a leda, wani a tsumma, kuma ba duka nata ba ne. Wannan zubin adashi ne da take riƙe wa matan unguwa, wancan 'yan kunnen maƙwabciya ne da aka ba ta ajiya, wani kuɗin auren jika ne da ake tarawa. Ba a rubuce suke ba, a kanta suke. Sai an zauna da uwar adashi a ji ko Inna ta riga ta kwasa, don in ta kwasa sauran zubin bashi ne a kanta. A tambayi mai gero na unguwa da mai yadinta na Kasuwar Dole. A bi sawun awakin da ta ba da kiwo a ƙauye, wajen Mirriya ko Dogo, a ƙirga uwa da 'ya'ya. Duk abin da aka gano a faɗa maka ta murya a WhatsApp, kai ka rubuta.

Tsarin shi ne kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan gado. In Baba na raye yana da rubu'i tunda akwai 'ya'ya. In iyayenta na raye kuma ta bar ɗa namiji, kowannensu na da sudusi, kashi ɗaya cikin shida. Saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Rikicin da ya fi kama mu 'yan waje shi ne gida. Ka turo kuɗi an gina mata a Garin Malam ko Sabon Gari, ka ce "Inna ga gidanki," ta tare. A fiƙihu kyauta ta tabbata da karɓa, gidan ya shiga gado, kai ma rabonka kawai za ka samu. In aro ka ba ta, a faɗa gaban shaidu tun tana raye, takardar fili ta fito da sunanka. Takardar shaidar rasuwa kuma a karɓo ta a ma'aikatar magajin gari da wuri, in wa'adin doka ya wuce sai an bi ta kotu. Ka ce a turo maka hotonta, don a Beljik da Faransa doka ta ba ma'aikaci hutun kwana 3 na rasuwar uwa ko uba, kuma wurin aiki za su nemi takardar.

Sadaka kuwa, Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi wace ce ta fi ga mahaifiyarsa, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san darajar jarka. Sai dai kada ka yi saurin alkawarin rijiyar burtsatse cikin gari. Duwatsun nan da kuke gani a Birni, irinsu ne a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Mai haƙa zai iya cinye kuɗinka ya tarar da dutse. In a ƙauye ne, a fara auna wurin, a rubuta yarjejeniyar abin da zai faru in ba a samu ruwa ba, a kuma naɗa masu tara kuɗin gyara, don famfon da ba mai gyara shi shekara kaɗan yake yi. A cikin gari ya fi sauƙi ka ɗauki kuɗin ruwan wani masallaci ko makarantar allo duk wata, ko ka biya ɗan ga-ruwa ya riƙa cika randuna a bakin hanya lokacin bazara.

Ka tambaya su wa ke cin tuwonta. Akwai almajirin da ke da kwano a gidan, akwai tsohuwar da ake kai wa fura. Ranar da Inna ta tafi, su ma abincinsu ya yanke, kuma ba za su kira ka ba. Ƙanwarta ko yayarta, hadisi ya ce a matsayin uwa take, kuɗin watan da kake turawa kada ya tsaya, ka karkatar da wani abu can. Ramuwar azumi, Malikiyya ba sa ganin a yi wa mamaci, ciyarwa ake yi, mudun Annabi ɗaya kowace rana. Hajji a madadinta sai ka sauke naka tukuna.

Kai kanka kuma kada ka kulle ɗaki. Ka sanar a zauren 'yan Nijar na garin da kake, a zo a zauna da kai, a ce maka ya haƙuri. Saƙonnin muryarta na WhatsApp, ka fitar da su yau ka adana a imel ko kwamfuta, don in waya ta faɗi ko ka canza lamba ba tare da ajiya ba, sun tafi. Layinta ma in ya daɗe ba a sa masa kuɗi, kamfani zai ba wani, wata rana ka ga hoton baƙo a kan sunan Inna. Ka ce ƙanwarka ta riƙe layin, masu bin bashi da masu biya ma ta nan za su nemo ku. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, wassalamu alaikum.